Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago da shugabannin NLC, TUC da NECA: a rufa asirin ɗakin sulhu, a buɗe takardar da aka sa wa hannu

Assalamu alaikum. Mai girma Minista ranka ya daɗe, shugabanninmu na ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC, da ku wakilan masu kamfanoni na ƙungiyar NECA, ina gaishe ku da aiki.

Ni ba lauya bane kuma ban taɓa riƙe wani muƙami a Abuja ba, tsohon sakataren reshen ƙungiya ne a wata masana'anta nan Kano, na yi shekaru ina rubuta minit ina kai takarda ofishin manaja ina dawowa da amsa. Abinda yasa nake rubuto muku magana ce guda ɗaya wacce na daɗe tana cin raina, wato yadda muke wasa da sirrin zaman sulhu tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Mun juya abin gaba ɗaya. Hirar da ake yi a cikin ɗaki wacce ya kamata a binne ta a nan, ita ce take yawo a WhatsApp da talabijin, ita kuma yarjejeniyar ƙarshe wacce ya kamata kowane lebura ya gani da idonsa ita ce ake sakawa a durowa a kulle.

Bari in fara da abinda ya faru damu, don shi ne ya koya min.

Shekarun baya kamfaninmu ya riƙe mana kuɗin obataim na wata uku, ga kuma raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Mun yi ta zama da manaja abu yaƙi, sai muka bi abinda doka ta tanada, muka yarda mu da su akan wani dattijo mai mutunci da ya yi ritaya ya shiga tsakani. Mutumin nan Allah ya saka masa da alheri ya san aikinsa. Da yaga zaman haɗaka ya koma ihu da nuna yatsa sai ya raba mu, ya zauna dasu daban ya zauna damu daban, yace ku faɗa min gaskiyar abinda zaku iya ɗauka, ba zan kai musu ba sai abinda kuka ce in kai. To anan ne muka saki jiki. Muka ce masa a fili muna cewa sai an biya duka lokaci ɗaya, amma gaskiya azumi ya matso mutanenmu babu ko gero a gida, in za a bada rabi yanzu sauran a biya kashi biyu zamu iya shawo kan jama'a, da sharaɗin ba za a taɓa kowa ba. A wannan zaman ne wata baiwar Allah da take sashen fakin ɗin kaya ta ɗago kai, matar da ko gaisuwa da ƙyar kake jin muryarta, ta faɗi abinda wani supabaiza yake mata, yadda yake canza mata shif duk lokacin da ta ƙi kula shi. Tana faɗa tana kuka. Mijinta ma bai sani ba.

Ashe wani matashi daga cikinmu, ɗan kwamitinmu fa ba ɗan manaja ba, ya kunna rikodin a waya a aljihu. Ba da mugunta ya yi ba, na yarda da wannan har gobe, tsoronsa kar 'yan uwa su ce mun sayar dasu, yana so ya samu hujja. Ya tura wa abokinsa mutum ɗaya. Kafin sallar isha ya shiga guruf ɗin ma'aikata, da safe yana teburin manaja.

Abu uku ne suka lalace a rana ɗaya. Manaja ya san ƙarshen ƙafarmu, don haka rabin ma da yake shirin bayarwa sai ya koma kashi ɗaya cikin uku. 'Yan uwanmu kuma ba su saurari zaman awa biyu ba, guntun minti biyu aka yanko inda muryata take cewa zamu iya karɓar rabi, shikenan aka ce sakatare ya ci kuɗi, har ƙofar gidana aka zo. Wannan duk na haƙura dashi. Wanda ban haƙura ba har yau shi ne na matar nan. Labarinta ya zaga masana'anta ya fita har unguwarsu, shi supabaizan ba abinda ya same shi, da lissafin rage ma'aikata ya fito sunanta yana cikin na farko, aka ce wai aikinta ya yi rauni. Shi kuma dattijon ya tattara takardunsa yace ba zai ƙara zama inda ba a san amana ba. Manaja wanda a zamansa na keɓe ya fara sassautowa, daga ranar bai sake buɗe baki ba sai da lauya a gefensa.

Ranka ya daɗe, sulhu baya yiwuwa sai mutum ya samu inda zai sauke girman kai ba tare da an yi masa dariya a waje ba. Shugaban ƙungiya yana da jama'a a bayansa da ya yi musu alƙawari a filin taro, manaja yana da masu kamfani da banki a wuyansa, kowanne in ya san abinda zai faɗa zai fita to ba zai faɗi komai ba sai abinda ya riga ya faɗa a lasifika. Kuma in dai abinda aka faɗa a lasifika za a maimaita to me aka zo yi ɗakin? Amfanin mai shiga tsakani kenan, yaji ta bakin wannan yaji ta bakin wancan, ya gane cewa tazarar dake tsakaninsu bata kai yadda suke nunawa ba, ya jawo su a hankali. Manaja zai iya ce masa wallahi dizal ya cinye mu, muna da bashin banki, amma in maganar nan ta fita masu kawo mana kaya zasu daina bamu bashi. Ma'aikaci zai iya ce masa eh gaskiya ranar na makara, ko eh ni na kashe injin, amma ga dalili. Irin wannan maganar ita ke kawo sulhu, kuma ita ce in ta fita take yanka wuya.

Mu ba baƙin wannan bane ai. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ana sasanta miji da mata ko magada ya san ƙa'ida, abinda aka faɗa a zaure a zaure yake kwana. Malamanmu sun karantar damu cewa majalisa amana ce, kuma idan mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiwaya yaga ko akwai mai ji to ta zama amana a wuyanka ko bai ce ka riƙe ba. Iyayenmu suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To me yasa da an shiga ɗakin taro mai iyakwandishan da ruwan roba a tebur sai mu manta?

In muka duba dokar da muke aiki da ita, Dokar Rigingimun Ƙwadago wacce asalinta tun 1976 ne, zamu ga an jera matakai. A fara da hanyar cikin gida, in ta ƙi cikin kwana 7 ɓangarorin su zauna ƙarƙashin mai shiga tsakani da suka yarda dashi, in bai yi nasara ba a kai rahoto ga Minista a rubuce, Minista ya naɗa mai sasantawa, in shi ma ya kasa ya rubuta wa Minista rahoto, daga nan sai kwamitin yanke hukunci na IAP, in ba a gamsu ba sai Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa. Tsani ne, kowane mataki yana miƙa wa na gaba. To ga tambayar da ma'aikaci yake yi a zuciyarsa tun a matakin farko: abinda zan faɗa yanzu zai bi ni har sama? Rahoton da mai sasantawa zai rubuta me da me zai shiga ciki? In na amsa laifi a nan don a samu maslaha gobe lauyan kamfani zai miƙe a kotu yace ai da bakinsa ya amsa? A duk zaman da na taɓa shiga ba wanda ya tsaya ya amsa mana waɗannan tambayoyin kafin a fara, kowa dai ya zauna ne da addu'a. Wanda yake da lauya ya san yadda zai kare bakinsa, leburan da ko takardar ɗaukar aiki bashi da ita shi ne yake zubar da cikinsa.

Kuma ba wai ƙasar nan bata san hanyar bane. A watan Mayun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar sulhu da sasanci, wacce aka gina ta galibi saboda rigingimun kasuwanci, a ciki an faɗa ƙarara cewa bayanan zaman sasanci sirri ne, kuma tayin da mutum ya yi ko abinda ya amsa a zaman ba a kawo shi hujja a kotu, sai 'yan wurare da aka keɓe kamar aiwatar da yarjejeniyar ko tona wani laifi ko barazana ga ran wani. Kotun ma'aikata ita ma tun 2015 ta buɗe cibiyarta ta sasanci. Nan Kano muna da kotun sulhu mai ƙofofi da yawa tun 2009. A Afirka ta Kudu hukumarsu ta sasanta rigingimun ƙwadago CCMA ta rubuta a ƙa'idojinta cewa zaman sasanci na sirri ne kuma ba a kamo mutum da abinda ya faɗa a ciki, a Ingila ma abinda ka faɗa wa jami'in ACAS, hukumarsu ta sasanci, ba a gabatar dashi gaban kotun ma'aikata sai da yardarka. In ɗan kasuwan da ake rigima dashi akan kwantena ya samu wannan kariyar a rubuce, ina ganin mai gadi da mai shara da direban kamfani sun fi shi buƙatarta, don shi kuɗi zai rasa su kuwa tuwon yara ne.

Yanzu bari in juyo kan manya, don ƙananan rassa daga sama suke koyo.

Kowa yana tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas yaranmu suna gida, wasu sun koma tuƙa adaidaita wasu an yi musu aure karatun ya tsaya. Duk wanda ya bibiyi abin ya ga yadda ake yi, a fito daga mitin da daddare kafin gari ya waye kowane ɓangare yana gidan talabijin yana faɗin abinda ɗayan yace da abinda bai ce ba. Ministan ƙwadago na lokacin Chris Ngige shi ne a kujerar mai sasantawa, kuma shi ɗin dai ɗan majalisar zartarwar gwamnatin da ake rigimar da ita ne, har takai ana musayar zafafan kalamai tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar a bainar jama'a. Ba ina cewa laifin mutum ɗaya bane, in ɓera da sata daddawa ma da wari, amma tsarin da kansa yana da matsala. Wa zai faɗa wa mai shiga tsakani ƙarshen abinda zai iya karɓa alhali ya san ranar Laraba a taron majalisar zartarwa mutumin zai zauna tebur ɗaya da abokin rigimarsa? A ƙarshe gwamnati ta kai maganar kotun ma'aikata, ranar 21 ga Satumba kotu tace a koma aji, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ya shiga tsakani, aka janye yajin. Sai ga shi da albashin Oktoba ya fito ba cikakke ba rigima ta dawo sabuwa akan me aka yi alƙawari me ba a yi ba, kuma mu jama'a da muka sha jin duk wata cacar baki ba mu da wata takarda mai sa hannun kowa da zamu duba mu ce wane ne ya saɓa. Kunga abinda nake nufi da mun juya abin.

Na mafi ƙarancin albashi a 2024 shi ma haka, ana cikin zama lambobi suna fitowa, gwamnati naira 48,000 ƙwadago naira 615,000, aka dawo 60,000 da 494,000, aka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni har wuta ta ɗauke a ƙasa baki ɗaya, aka dawo 62,000 da 250,000, kafin a tsaya a 70,000 a watan Yuli. Anan zan yi adalci, wannan magana ce ta ƙasa gaba ɗaya kuma jama'a suna da haƙƙin sanin inda aka kwana, ban ce a ɓoye ba. Amma ku shugabanni kun fi kowa sanin wahalar da kuka sha, duk lambar da aka faɗa wa 'yan jarida ta zama igiya a ƙafa, saukowa daga kanta sai an kira ka maci amana.

Shugabanninmu na NLC da TUC, nasan abinda wasu 'yan uwa zasu ce suna karanta wannan, zasu ce to ai da sunan sirri ake sayar damu, a shiga ɗaki a rufe ƙofa a fito ace an daidaita, mu bamu san akan me ba. Wannan tsoron gaskiya ne kuma akwai waɗanda suka jawo shi da halinsu. Shi ne ma ya sa yaron nan ya kunna rikoda. Amma maganinsa ba tonon silili bane. Maganinsa kafin a shiga a tara jama'a su faɗi iyakar abinda suka yarda wakilansu su tattauna akai, in an fito a dawo musu da sakamakon a rubuce, a karanta musu sakin layi bayan sakin layi da yaren da suke ji, Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko burokin, su amince ko su ƙi kafin a sa hannu na ƙarshe, sannan a liƙa kwafi a allon sanarwa kowa ya ɗauki hoto da wayarsa. Wanda ya san zai ga takardar ƙarshe da idonsa baya buƙatar satar sauraron hira. Kuma dan Allah ku koya wa 'yan kwamitin rassa wannan a bitocin da kuke shiryawa, yawancinsu wallahi ba wanda ya taɓa faɗa musu cewa naɗar zaman sulhu a ɓoye cin amana ne, suna ɗauka jarumta ce.

Ku kuma masu kamfanoni kar ku ɗauka ina baku bargo ne. Sirrin sulhu ba wurin ɓoye ɓarna bane. In a zaman aka gano injin da yake cin yatsun mutane an san da lalacewarsa an ƙi gyarawa, ko ana cire wa ma'aikata kuɗin fansho ba a turawa, ko wani babba yana neman matan da suke ƙarƙashinsa, wannan ba abinda za a ce a rufe da sunan amana bane, dole ya isa inda ya kamata. Abinda za a rufe shi ne sunan wacce ta faɗa da mutuncinta, kuma ita za a tambaya ta wace hanya take so a bi. A wajenmu akasin haka aka yi, sunanta ya fita laifinsa ya nutse. Sannan ku daina al'adar nan ta rubuta sunayen waɗanda suka yi magana a zaman sulhu a ajiye sai ranar rage ma'aikata, kowa ya san ana yi, kuma ita ce take sa a zama na gaba ba wanda zai buɗe baki sai dai kawai ku wayi gari an rufe get.

Mai girma Minista abinda nake roƙo a wajenka ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A fitar da takarda shafi ɗaya tal, da Turanci da manyan harsunanmu, wacce duk jami'in da zai jagoranci sasanci a kowace jiha zai karanta da babbar murya kafin a fara kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A faɗa a ciki cewa abinda aka tattauna anan zai tsaya, ba rikodin ba hoto, wayoyi a ajiye a waje har ta manaja har ta ciyaman, abinda aka faɗa wa mai sasantawa a keɓe ba zai kai wa ɗaya ɓangaren ba sai da izini, kuma rahoton da zai hau sama ya tsaya akan an daidaita ko ba a daidaita ba da batutuwan da suka rage, banda wane yace kaza. A faɗi kuma abubuwan da sirrin bai rufe ba tun farko don kar wani yace an yaudare shi. In za a yi wa 'yan jarida magana a fito da sanarwa guda ta haɗin gwiwa wacce kowa ya gani ya yarda. Idan aka zo gyaran dokokin ƙwadago da aka daɗe ana maganarsa a majalisa, a saka wannan kariyar a cikin doka ƙarara, har da cewa ba za a jawo mai sasantawa kotu ya bada shaida akan abinda aka faɗa masa ba, da hukunci ga wanda ya kori ma'aikaci saboda maganar da ya yi a zaman sulhu. Kuma duk rigimar da gwamnati ce mai ɗaukar aikin, likitoci ne ko malamai ko ma'aikatan jinya, a nemo mai shiga tsakani daga waje wanda ɓangarorin biyu suka yarda dashi, muna da tsofaffin alƙalai da sarakuna da dattawan ƙwadago da suka isa, ma'aikatar ta tsaya a matsayin mai shirya zama.

Matar nan da na baku labarinta na haɗu da ita bara a bakin wata makarantar firamare tana sayar da awara. Mun gaisa, ta tambayi iyalina, bata ɗago maganar ba ni ma ban iya ɗagowa ba. Ni ne na ce mata ranar ta faɗi abinda ke ranta ba wanda zai ji, kuma na faɗa ne ba tare da ina da wata takarda ko doka a hannuna da zata tsaya min ba. Har yanzu rassa suna kirana in raka su zaman sulhu saboda na daɗe a harkar, kuma duk sanda wani ma'aikaci ya jawo ni gefe yace Malam in faɗi gaskiya ko in yi shiru, ina rasa amsar da zan bashi. Ina roƙonku ku bamu takardar da zan iya nuna masa.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Tsohon sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata, Kano